Digirina na Biyu da Ƙafafun Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da kuɗin man fetur ya ɓarke a ƙasar nan har ɗan ƙauye irina ya samu gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa, ina jami'a ina digiri na biyu. Na san da yawa cikin masu bibiyar rubutuna sun ɗauka likita ne ni. A'a. Karatuna na farko na wasannin motsa jiki ne, na biyun kuma shi ne yadda ake amfani da motsa jiki a yi wa marar lafiya magani: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon sukari, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya fara farfaɗowa. Likita ya ba da ƙwayarsa, mu kuma mu auna abin da jikin zai iya ɗauka, mu tsara wa mutum tafiya da motsi kaɗan-kaɗan har ƙarfi ya dawo. Yanzu ba baƙon abu ba ne. A wancan zamanin kuwa mu uku ne a ajin, ɗaya ma ya gudu kafin shekara ta zagayo.

A gida kam ba a magana. Gwaggona, ƙanwar marigayi mahaifinmu, wadda take sayar da daddawa a kasuwar Yankara, in aka tambaye ta abin da nake karantawa sai ta ce likitan guje-guje nake son zama. Na sha zama in yi mata bayani dalla-dalla. Takan saurara har in gama, sannan ta ce to, ai abin da ta faɗa ke nan.

Sai na gaya muku wani abu kafin in ci gaba, don 'yan yanzu ba lalle su gane ba. Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni Yankara wurin kakata, can na tashi. In na zo ƙauyenmu Mabai gaishe da mahaifiyata, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa a taƙaice fuskarta na kallon wani wuri. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ta ce a gaya wa wancan kaza, alhali ina zaune ina ji. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Haka na ga ana yi wa duk 'yan farin unguwarmu, kuma na san furar da ta fi kauri ni ake aiko wa.

To, a shekarun nan ƙanina mai bi mini ya faɗa kwangila. Yau ginin ajin makaranta, gobe kwalbati, kafin a ankara ya gina gida na siminti a Ƙanƙara, ya sayi mota, ya ɗauko mahaifiyarmu daga Mabai. Matar da ta saba daka da asuba, ta ɗebo ruwa, ta kai abinci gona, ta je itace, sai ga ta a gidan da ke da famfo, injin niƙa na bayan katanga, surukai biyu suna jiran ta yi tari su taso. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe. In ta ce za ta je barka a fito da mota, ko da gidan na bayan masallaci ne. Duk muka ce ta huta, ta sha wahalarmu. Ni ma da nake karanta illar zama, ina cikin masu cewa ta huta. Shekara uku tana hutawa.

Wata safiya ta tashi hannunta na hagu da ƙafarta sun yi nauyi, bakinta ya ɗan karkace. Hawan jini ne ya taɓa ta. Allah Ya taƙaita, bayan 'yan makonni a asibiti baki ya koma daidai, hannu ya saki, amma ƙafar tana ja, kuma daga ɗakinta zuwa bakin rariya sai ta tsaya tana haki. Gidan kuwa suka ninka hutun. Har buta ba a bari ta ɗauka.

Matsalar ita ce ƙanina ya riga ya biya kujerar Makka uku, tasa da tata da ta Gwaggo, saura kamar wata biyar a tashi. Likitan da ke duba ta ya ce ba zai hana ta tafiya ba, amma da ƙafarta ba za ta iya ɗawafi da Safa da Marwa ba, sai dai a ɗauke ta. A lokacin akwai ƙarti da suke ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a kan wani gado na katako bisa kafaɗunsu, su zagaya da su. Alhazan garinmu sun sha ba da labarinsa. Aka gaya mata haka. Bayan an watse Gwaggo ce ta kawo musu amsar: mahaifiyarmu ta ce ba za a ɗauke ta bisa kafaɗar maza huɗu tana da rai ba. Ko ta je da ƙafarta, ko a ba wani kujerar.

Duk wanda ya san ta ya san ba ta magana biyu. Kuma tun muna yara ba ta da wani buri da ya wuce ta ga ɗakin Allah.

Da labari ya iso ni a jami'a, wallahi har da ɗan murna a cikin damuwata. Ga ranar da karatuna zai yi amfani, ga ranar da Gwaggo za ta daina ce mini likitan guje-guje. Na je na ga likitan, ya duba abin da na tsara, ya yarda, ya rubuta mini iyakar bugun zuciyar da ba ya so ta wuce, ya ce lalle ta riƙa shan maganinta kuma a riƙa auna jininta duk mako. Malamina mai duba bincikena, wani dattijo Ba'indiye, shi ma ya ji daɗi, ya ce in saka ta cikin mutanen da zan yi rubutu a kansu. Na aro agogon gudu irin wanda ake dannawa, na zana takardu da layuka, na kamo hanyar Ƙanƙara ina jin kaina.

Ranar da na isa, ban tsaya a bakin ƙofa ba. Na yi sallama na shige ɗakinta kai tsaye, surukanta biyu suna zaune, na durƙusa dab da ita na ce, "Inna, kawo hannunki in ji bugun jininki." Ban ma jira ba, na kama wuyan hannunta, idona na kan agogo.

Ban kai ga ƙirga biyar ba ta zare hannun, ta tura shi cikin mayafi, ta juya ta fuskanci bango. Surukan suka sunkuyar da kai, ɗaya ta tashi wai za ta duba tukunya, ɗayar ta bi ta. Aka bar ni durƙushe da agogo yana ta tafiya. Sai a lokacin na tuna cewa tun da na yi wayo jikina bai taɓa taɓa nata ba.

Kwana uku ba ta fito tsakar gida ba in ina gidan. Da wayona sai na ce bari in canza dabara. Na kira uwargidan ƙanina na koya mata, na ce kullum da safe ta sa Inna ta zagaya tsakar gida sau biyar. Baiwar Allah ta dube ni kamar na ce ta shiga rijiya. Ta ce ita suruka, ta tsaya ta ce wa uwar mijinta tashi ki zagaya? Ta roƙe ni don Allah in rufa mata asiri.

Na koma jami'a jiki a sanyaye. Na zayyana wa malamina abin da ya faru. Ya saurara, ya cire tabarau, ya tambaye ni ko ba ita ta haife ni ba. Na ce ita ce. Ya tambaya ko mun yi faɗa. Na ce ko kusa. Ya ce to me zai hana in zauna in yi mata bayani kawai? Na yi ta ƙoƙarin fassara masa kunyar ɗan fari da Turanci, ina yi ina jin maganar tana lalacewa a bakina. Daga ƙarshe ya ce in haka ne in rubuta a takardarta cewa ta ƙi, in nemi wani. Na ɗauki biro a gabansa, amma ban rubuta ba. Ba ƙi ta yi ba, ni ne na shiga ta inda ba a shiga.

Da aka yi dogon hutu na dawo, na sauka wurin abokina da ke koyarwa a wata firamare can ƙarshen garin Ƙanƙara, ya ba ni ɗaki a gidan malamai. Washegari na wuce Yankara, ranar kasuwa ce, na sami Gwaggo a rumfarta. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Kai, halan rashin kunya aka tura ka ka karanto? Ka kama hannun uwarka gaban surukanta?"

Na ce na yi kuskure. Ta ce ta sani, duk dangi ma sun sani. Ta bar ni tsaye ta sallami mutum uku, sannan ta ce in zauna in gaya mata abin da nake so a yi, amma ban da Turanci. Na ce abu uku ne: ta riƙa tafiya kullum ana ƙara nisa a hankali, a riƙa jin bugun zuciyarta kafin tafiya da bayanta, kuma in ta gaji a tsaya. Ta tambaya yadda za a gane ta gaji tunda ba za ta faɗa ba. Na ce a riƙa jan ta da hira. In tana iya amsawa a tsanake, lafiya lau, in maganar ta fara yankewa a zauna.

Gwaggo ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ashe surutu ne maganin? To ka zo gidanshi. Tashi ka nemo mana mota."

Ranar ta bar wa maƙwabciyarta rumfa, ta ƙulla kayanta ta tare a ɗakin mahaifiyata.

Bugun zuciya shi ya fara ba mu wuya, don Gwaggo ba ta san agogo ba, ni kuma ba ni da izinin shiga. Ita ta samo dabarar. Na koya mata inda ake ɗora yatsu a wuyan hannu, ta gwada a nawa har ta iya. Sai ta riƙa zama kusa da taga da tasa a cinyarta, hannu ɗaya riƙe da na mahaifiyata, ɗayan kuma duk bugu ɗaya ta ƙwanƙwasa tasar da zobenta. Ni ina waje jikin bango da agogo, ina ƙirgawa ina rubutawa. Ranar farko da na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ɗin nan ta taga, sai da na sa aka sake, don na shagala ban danna agogon ba. Zuciyar mahaifiyata ce nake ji. Awon jini kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce take zuwa duk Litinin ta yi.

Tafiyar aka fara a filin da ke bayan gidan inda surukai ba sa gani, daga rumbu zuwa gindin tsamiya. Kwanakin farko sau biyu kawai take yi ta zauna. Gwaggo ba ta taɓa ce mata likita ya ce ko wancan ya ce ba. Cewa take ta taso ta raka ta ta duba kaji, ko ta zo ta ga yadda yaran nan suka ɓata shukar rama. Tana jan ta tana zuba labarin kasuwa, wa ta yi aure, wa ya yi asarar sa, in ta ji amsar ta fara guntulewa sai ta ce ita ƙafarta ta gaji, su zauna. Ban ce mahaifiyata ba ta gane ba. Ta gane sarai, an dai ba ta hanyar da za ta bi ba tare da ta ji kunya ba.

Bayan wata ɗaya filin ya yi mata kaɗan. Ya kamata a fita, kuma nan muka sake cin karo. Dattijuwa irinta ba ta fita ta yi ta yawo a gari ba dalili. In aka gan ta za a ce ko ta yi faɗa da surukanta, ko ciwon ya taɓa mata kai. Na ce to a fita da sassafe. Gwaggo ta ce da sassafen ma idon mutane a buɗe yake. Tana ɓare goro ta ce ai mai niyyar Makka dole ta bi dangi da maƙwabta gida-gida ta yi sallama, ta nemi a yafe mata. Wannan ba wanda zai ce don me.

Na ji kamar in rungume ta. Kwana biyu ina bin lungunan Ƙanƙara ina ƙirga taku daga ƙofar gidanmu zuwa gidan kowane ɗan'uwa da abokin arziki, mutane suna kallona suna girgiza kai, wasu na cewa karatu ya fara yi wa ɗan gidan wane yawa. Na jera gidajen a takarda, mafi kusa a sama, mafi nisa a ƙasa, na karanta wa Gwaggo ina jiran yabo. Ta bari na kai ƙarshe sannan ta tambaye ni ko so nake a raba zumunci. Na sa maƙwabciyar da aka sani shekara uku a farko, na kai yayan mahaifiyata da ke Faskari can ƙasa, shi da yake uba gare ta yanzu? In ya ji an fara da wani kafin shi, har a dawo daga Makka ba zai amsa gaisuwarmu ba.

Haka aka sake jeri. Manya aka fara bi: yayanta a Faskari, wata innarta da ta tsufa tukuf a Ruwan Godiya, dangin mahaifinmu a Sabuwa. Waɗannan a mota ake zuwa, sai dai na sa direba ya riƙa tsayawa nesa da gidan, su ƙarasa da ƙafa. Na farko taku ɗari biyu, na gaba ɗari uku, a haka. Ƙanina da ya ji sai ransa ya ɓaci. Ya ce yana da mota a ce uwarsa tana jan ƙafa a titin Sabuwa, mutane su ce me? Muka ɗan yi sama-sama a zaure, na ce mutanen ba su za su yi mata ɗawafi ba. Ya ce ni ban san mutunci ba, boko ya cinye ni. Gwaggo ta leƙo ta ce mu biyun mu rufe mata baki, ta ce masa motar tasa ba ta shiga Harami. Ya yi sati yana amsa gaisuwata da ƙyar.

Wani abin da littafi bai faɗa mini ba shi ne duk gidan da aka je sai an kawo abinci, kuma mai neman yafiya ba ta mayar da kwano. Ni ina can ina lissafin an rage gishiri, su suna can ana ajiye musu dambu da soyayyen nama. Da na yi ƙorafi Gwaggo ta ce in kwantar da hankalina, ita take cinye na mutum biyu saboda Allah. A watannin nan mahaifiyata ta faɗa, Gwaggo ta yi ƙiba.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Akwai makon da jininta ya hau, likita ya ce a dakata kwana biyar, na kasa cin abincin kirki. Akwai ranar da ta yi tuntuɓe a Mabai ta fasa ɗan yatsa, na ce shi ke nan za ta ce ta fasa. Washegari Gwaggo ta ce mini ita ta riga ta ɗaukar mayafi. A hankali lambobin takardata suka fara sauka. Tafiyar da a da take sa zoben Gwaggo gudu a kan tasa, yanzu sai a dawo yana bugawa a natse. Ƙafar ba ta daina ja gaba ɗaya ba, amma ta daina tsayawa.

Saura kwana goma sha biyu a tafi sansanin alhazai, na ce ina son gwaji na ƙarshe. Na tambayi alhazai da dama, na kiyasta Safa da Marwa sau bakwai zai kai wajen mil biyu. Daga gidanmu zuwa tsohuwar kukar da ke kusa da firamaren abokina kusan haka ne. Na ce su tako har can ba hutu, ni zan jira su a gindin kukar da mota. Gwaggo ta ce ba sai na fito ba, in zauna a ɗakina, dama akwai gida ɗaya da ya rage musu a wannan shiyyar. Na duba takardata ban ga wani gida a can ba. Ta ce ba duk abu ne yake cikin takardata ba.

Da hantsi ina zaune ina gyara rubutu, abokina yana aji, sai na ji sallamar Gwaggo a bakin ƙofa. Na ɗaga labule. Ga ta, ga mahaifiyata a bayanta, zufa a goshinta, tsaye kyam a kan ƙafafunta. Na rasa abin yi. Na jawo tabarma na shimfiɗa, na koma bakin ƙofa na durƙusa kamar ni ne baƙon. Ta zauna ta juya gefe. Na gaishe ta, ta amsa yadda ta saba.

Can ta ce wa Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa, "Ki ce mashi zan tahi. Shi yahe mani."

Gwaggo, wadda ta yi wata huɗu tana kai saƙo tana kawowa, ta gyara zama ta ce, "Ni yau na aje aikin ga. Ga shi nan gabanki, kunnuwanshi biyu."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Ina jin yara suna maimaita karatu daga aji. Mahaifiyata tana murza bakin mayafinta. Sannan, idonta a kan tabarma, ta yi mini magana, ni da kaina.

"Tun da aka yaye ka ban riƙe ka ba. Wasu suka yi wahalarka. Ranar nan da ka kama hannuna, ba hushi na yi ba, kunya ce. Ka yahe mani."

Na ce, "Inna, ba ki yi mani komi ba. Ni ne zan ce ki yahe mani."

"Na yahe, duniya da lahira. Allah Shi yi maka albarka."

Gwaggo ta share ido da gefen zane, ta ce to likita, a ƙirga ko kuwa? Ta kama hannun mahaifiyata, ta jawo kofin shayina ta fara ƙwanƙwasawa da zobe. Na ɗauki agogo na danna, amma ban ga hannun agogon ba, ruwa ya cika mini ido. A duk takardun bincikena layin ranar nan kaɗai ne babu lamba. Da na je kare aikina, ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya ɗora yatsa a wurin ya tambayi abin da ya faru a gwajin da ya fi kowane muhimmanci. Na ce laifin mai awo ne. Malamina ya dube ni ta saman tabarau, aka wuce.

Likita ya duba ta kafin su tashi ya ce ta je, ta riƙa hutawa tsakanin ibada da ibada. Ni ban je ba, ina jami'a ina ta buga rubutu, kullum kunnena a rediyo ina sauraron labarin alhazai.

Ranar da suka dawo gidan ya cika maƙil. Mata a ɗaki da tsakar gida, ana rabon dabino da zamzam, ana ta kiran Hajiya, Hajiya. Na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba. Gwaggo tana tsakiya tana ba da labari, wai a Safa da Marwa ƙartin nan masu gado sun ga Hajiya tana jan ƙafa suka biyo ta suna yi mata tayi, ta ɗaga musu hannu ta wuce. Wai ita Gwaggon ce ta zauna sau biyu, Hajiya tana tsaye a kanta tana cewa ta tashi. Mata suka yi ta dariya. Mahaifiyata ta miƙe ƙafafunta a kan darduma, sun kumbura, diddigen duk ya tsattsage, ta ce da ɗakin gaba ɗaya, da ƙarfin da zai kai bakin ƙofa, "Su suka yi. Ba wanda ya ɗauke ni."

Ta ƙara shekara goma sha tara a duniya, kuma ba ta sake yarda an kai ta barka a mota ba. Tsakanina da ita kuwa bai canza sosai ba, kada ku ɗauka mun koma hira. Kunyarta ta ci gaba da abinta har ta koma ga Allah, ni ma ban nemi fiye da abin da na samu a ɗakin nan ba. Ya ishe ni.

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da wannan fanni. Ɗalibaina sun iya awo fiye da ni, injunansu ma ban san sunan wasu ba. Abin da na dage a kai shi ne kafin su taɓa marar lafiya su san wa yake jin maganarsa a gida, su kuma tambaye shi inda yake so ƙafafunsa su kai shi. Ban ga wanda ya jure tafiya don lambar da ke takarda ta sauka ba. Wanda yake da inda za shi kuwa, ko da jan ƙafa sai ya je.

Bara gwiwoyina suka fara ba ni wahala, aka kai ni wurin wata ƙwararriya, ashe ɗalibata ce ta da. Ta gama dube-dubenta, ta rufe fayil, ta yi murmushi ta ce, "To Malam, ina kake so su kai ka?" Ban yi dogon tunani ba. Na ce maƙabartar Ƙanƙara, daga ƙofar gida, duk Juma'a, in yi wa Hajiya addu'a in dawo. Jikokina sukan fito da mota su ce in shiga, rana ta yi zafi. Nakan ce su mayar da ita, wurin da za ni ba a zuwa mata a mota.